Kwarmin Dutsen Gidanmu

Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci gashi, ya halicci ƙarfe, ya kuma ajiye abincin wasu bayinsa a tsakanin su biyun. Bayan haka, ya ku da kuka zauna jiran aski, tunda ba inda za ku sai na gama da kan bawan Allahn nan, to ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Tunau ɗan Korau, jikan Nomau, wanzami ɗan wanzamai, mutumin Kalgawa ta gaɓar Kogin Shuni. Zan ba ku labarin yadda na ƙetare hamada da teku, har na mutu sau ɗaya a hanya, duk saboda wani ɗan rami da zurfinsa bai kai faɗin ƙwayar gero uku ba.

A gidanmu akwai dutsen wasa aska, baƙi wuluk, tsawonsa tafin hannu biyu. Kakana Nomau ne ya zo da shi, ba wanda ya san daga ina. Taurinsa kuwa ba a magana, don an taɓa sakin guduma a kansa bisa kuskure, gudumar ce aka kai maƙera. Amma kakana ya yi shekara arba'in yana jan aska a kansa, Baba Korau ya ɗora nasa arba'in, sai tsakiyar dutsen ta yi ɗan kwarmi, daidai yadda babban yatsa zai kwanta a ciki.

Al'adar gidanmu ita ce, ɗa ba ya zama wanzami sai ran da uba ya rataya masa zabira a kafaɗa, wato jakar fatar nan da muke zuba asake da ƙaho. Kafin wannan rana, ko furfura ka yi, sunanka ɗan gidan Korau. Na kai shekara talatin zabira na rataye a bango tana kallona. Dalili kuwa ɗaya ne. Hannuna da sauri, askina sumul, amma duk kan da na kama sai na yanke shi a bayan kunnen hagu. Har ta kai in ka ga mutum a kasuwar Kalgawa da ɗan ƙullin auduga a bayan kunne, ba sai ka tambayi wa ya yi masa aski ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ina son zabirar nan kamar in yi kuka.

Da na zauna na yi tunani mai zurfi, irin na masu hankali, sai na gano mai laifin. Na sami Baba a zaure na ce, “Baba, dutsen nan ne. Ya yi kwarmi, shi ya sa bakin aska ke fitowa a karkace, shi ya sa take cizo in ta zo kwana.”

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, “Danne kunnen da yatsa, ka ja fatar ta miƙe.”

Na ce, “Baba, ai ba maganar kunne ba ce, magana ce ta ilimi.”

Ya ce, “A kansa nake wasa tawa, ban taɓa yanka kowa ba.”

Na ce, “Kai ai ka saba da shi ne.”

Ya dube ni jim kaɗan, ya ce, “To, malam.”

Wata safiya ya tafi askin suna, na naɗe dutsen a tsumma, na ɗauki askata, na rantse ba zan ƙara ɗora ta a kan ɗan Adam ba, har da nawa, sai dutsen nan ya miƙe bai ɗaya. Ƙanwata Hakama na daka a tsakar gida, ta tsayar da taɓarya ta ce, “Yaya, ina za ka da dutsen Baba?” Na ce gyara zan kai, kwana uku na dawo.

Na fara da magina da masassaƙan dutsen niƙa na garuruwan kusa, kowa ya gwada ya miƙo mini abina tare da kayan aikinsa da suka lalace. Daga nan ƙafa ta ja ni har ƙasar Falale, inda ba ƙasa ba yashi, falalen dutse ne guda ɗaya shimfiɗe tafiyar kwana tara, mutanenta suna shuka a cikin ƙwarya. Na ce madalla, ga abin da nake nema. Na zaɓi wuri, na zuba ruwa, na kifa dutsena ina gogawa. Na yi damina, na yi rani. Ran da shekara ta zagayo na juya shi, kwarmi na nan yadda na san shi, falalen ne ya yi rami har gwiwata. Mutanen ƙasar suka taru da murna, suka ce tun kakanninsu suke neman inda za su tara wa awaki ruwa. Suka yi mini goma ta arziki, suka roƙe ni in haƙa musu na biyu. Wani tsohonsu ya tausaya mini, ya ce in dai dutse mai miƙewa nake nema, in nufi Birnin Tagwayen Duwatsu, can ne ma'aunin duniya yake.

Na yi wata biyar a hamada tare da fatake kafin na hango ganuwarsa. Abin da na fara lura da shi kawunan mazan birnin ne. Kowane kai layi-layi, nan a aske, nan da gashi, kamar kunyoyin gona. Na tambayi wani mai sayar da fura ko ado ne, ya ce wane irin ado, ai haka aski yake in aska ta cika aska.

A tsakiyar birnin akwai duwatsu biyu, kowanne ya kai faɗin zauren nan sau huɗu. Ɗaya na hannun Magajin Gabas, ɗaya na hannun Magajin Yamma, su ne shugabannin masu washi. Kowace shekara giwaye kan ɗaga ɗaya su ɗora kan ɗaya, a zuba yashi da ruwa a yi ta gogawa, sannan a kawo zare a gwada zura shi tsakani. Zare ba ya shiga. Sai Magajin Gabas ya shaida dutsen Yamma ya miƙe, Magajin Yamma ya shaida na Gabas ya miƙe, a yi kiɗa a watse. Shekara ɗari uku ke nan ana haka, kuma duk dutsen washin birnin da su ake auna shi.

Tsautsayi ya sa an yi ruwa da asubar ran da na je ganinsu. Na tarar da dutsen Yamma a bushe, ya yi doro kamar bayan raƙumi. Na Gabas kuwa ruwa ya kwanta a tsakiyarsa, har da agwagwa biyu suna wanka. Bakina da ba ya shawara da ni ya ce, “Ashe har tafki gare ku. Ai wannan ya fi nawa kwarmi.”

Kafin in rufe baki an riƙe ni. Aka kai ni gaban Magadan biyu, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Na ce su dubi ruwan da idonsu. Magajin Gabas ya yi murmushin tausayi ya ce, “Baƙo, ruwan ƙasar nan ne ke da karkata, masananmu sun daɗe da tabbatar da haka.” Magajin Yamma ya ce gaskiya ne, shi ma shaida ne. Hukuncin wanda ya ce dutse bai miƙe ba kuwa sananne ne, a kwantar da shi a dandali a kifa masa dutsen, ya ji miƙewar a jikinsa.

Sai gardama ta tashi kan wane dutse za a kifa, kowane Magaji na son nasa ya sami ladan. Ni kuwa na san in mai doron nan ya sauka a kaina, da cokali za a kwashe ni. Na faɗi na yi gaisuwa na ce, “Ranku ya daɗe, na Gabas na zaga. In akwai adalci a birnin nan, shi ya kamata ya rama.” Jama'a suka ce kai, baƙon nan fa da kunya, ga shi zai mutu amma ya san ya kamata.

Aka kwantar da ni rigingine, dutsena da askata a ƙirji. Giwaye suka juya dutsen Gabas, aka yi ta sassauta igiya yana saukowa, ina ta salati. Gefensa biyu suka dira a ƙasa, tsakiyarsa ta tsaya a samana kamar gada, iyakarta ta shafi kan hancina. Na ɗan jira ko akwai saura, na ga babu, sai na ja ciki na fito ta gefe, a gaban mutum ya fi dubu.

Wani dattijo ya buɗe baki ya ce, “Ai ga shi nan ya...” matarsa ta toshe masa baki da gyalenta. Kowa ya gane lissafin: wanda ya ce ya gan ni, ya ce dutse na da kwarmi ke nan, kuma giwaye ba su yi nisa ba. Magajin Gabas ya dube ni ido cikin ido, ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.” Jama'a suka ce amin, ni ma na ce amin, na kakkaɓe rigata na ratsa su suna buɗa mini hanya suna kallon sama.

A ƙofar gari mai gadi ya dubi bango ya ce, “Allah sarki, marigayi. Da yana da rai, da na ce masa ya gangara teku ya nemi Tsibirin Jiminu, ya tambayi Iya Gwamma.” Na ce marigayin ya gode.

Na yi kwana arba'in a jirgin masunta, na amayar da duk abin da na ci tun ƙuruciya. Jiminun tsibirin tsayinsu ya kai giginya. Abincinsu ɓaraguzan taurarin da ke faɗowa bayan tsibirin, ƙundunsu ya niƙe su, kowane hantsi su yi tari su zubar da wani baƙin yashi mai ƙyalli. A duniya kaf, wannan yashin kaɗai ke cin irin dutsena. Iya Gwamma, wata 'yar tsohuwa mai ido ɗaya, ita ke bin su da tsintsiya tana tarawa, tana gyara wa matuƙan jiragen ruwa duwatsun washi. In wata jimina ta yi mata gardama, da tsintsiyar take kwaɗa mata a ƙafa.

Na ba ta labarin Birnin Tagwayen Duwatsu, ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Ɗan nan, dutse biyu sukan rufa wa juna asiri. Ɗaya ya yi doro, ɗaya ya yi kwarmi, su haɗu ƙam, ka rantse sun miƙe. Sai ka kawo na uku. Ka goga na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na ɗaya, ka yi ta zagayawa. Mai doro ba ya zama da mai doro. Ran da duka ukun suka yarda da juna, to sun miƙe. Kawo naka in gani.”

Ta karɓa, ta kwantar da babban yatsanta a kwarmin. Ta ce, “Hannu biyu nake ji a nan. Ɗaya mai nauyi ne, yana jan aska daga dama. Ɗaya mai sauƙi, ba ya gaggawa. Su waye?”

Na ce kakana da babana.

“Mai sauƙin yana da rai?”

Na ce yana nan.

“Shi ya aiko ka?”

Na ce, “Ƙwarai kuwa, Iya.” Allah ya yafe mini.

Ta dube ni da idon nan guda ta ce, “To ka sani, ba cike kwarmi ake yi ba. Sauran dutsen ake ci har ya sauko ya same shi. Abin da ya tafi kuma ya tafi.” Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Ta ɗaga kafaɗa, ta ba ni duwatsu biyu masu taurin nawa, da ƙwaryar yashi, da gawayi. Ta zana layuka a fuskar dutsena, a tsaye da a kwance kamar gidan dara, ta ce duk inda gawayi ya goge, nan ya taɓa, inda ya rage, nan da saura.

Jama'a, shekara huɗu na yi durƙushe. Ɗaya da biyu, biyu da uku, uku da ɗaya. Da yashi mai kaushi na fara, na koma mai laushi da Iya ke tankaɗewa a tsumma. Fatar yatsuna ta ƙare ta sake fitowa ban san sau nawa ba. Ƙurar dutse ta zauna mini a maƙogwaro, muryata ta dishe ta zama wannan da kuke ji. Gemuna ya kai ciki, gashin kaina ya zama sheƙa, ga aska a ƙugu, ga rantsuwa ta hana. Layukan gefe suka tafi a shekarar farko, sannan gawayin ya yi ta tsukewa zuwa tsakiya, har ya rage ɗigo guda kamar ƙwayar wake. Aski ya zo gaban goshi, ɗigon nan kaɗai ya ci mini rani guda. Wani hantsi na wanke dutsen, na duba, babu shi. Na jiƙa shi na ɗora kan na biyu, na ɗaga, na biyu ya biyo shi. Na uku ma haka. Na yi ta tsalle har jiminu suka tsorata. Iya Gwamma ta shafa fuskarsa da yatsa daga gefe zuwa gefe, ta ce, “Ya miƙe.” Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuma na ɗauka hassada ce.

Kwana ukun da na ce wa Hakama sun zama shekara bakwai ran da na shiga Kalgawa, ranar wata Juma'a da hantsi. Ita ta gane ni, bayan ta gama korata da ta ɗauka mahaukaci ne. Ta yi kukanta ta share, sannan ta ce, “Yaya, idon Baba ya tafi shekara uku ke nan. Da dutsen aro ya ƙarasa sana'arsa. Zabira na nan a bango, ya hana kowa taɓawa.”

Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, kansa duk furfura ta yi tsiri-tsiri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karkata kai ya ce, “Wa ke nan?” Hakama ta ce, “Baba, Yaya Tunau ne.” Ya ce, “Wannan ba muryar Tunau ba ce. Tunau ya tafi da dutsena. In shi ne, ya ba ni abina.”

Na kwance tsumma da alfahari na ɗora masa a hannu. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye tsakiya, inda ya saba kwanciya. Ya zame. Ya koma, ya sake zamewa. Ya juya dutsen ya laluba bayansa, ya dawo. Ina kallon yatsan nan yana yawo kamar wanda ya dawo unguwarsu ya tarar an rushe gidan.

Ya ce, “Wannan allo ne. Nawa yana da wurin da babana ya zauna shekara arba'in. Kullum na sa yatsa a nan, sai in ji hannunsa.” Ya miƙo mini. “Dutsenka mai kyau ne, bawan Allah, amma ba nawa ba ne. Hakama, ba baƙo ruwa ya kama hanya.”

Na mutu a ƙarƙashin dutsen Gabas ban ji komai ba, amma wannan ta shige ni har ƙashi. Hakama ce ta yi dabara, ta ce, “Baba, baƙon wanzami ne, ga Juma'a, ga kanka ya yi gashi. Bari ya rage maka ko don ladan.” Ya ce to, ba a mayar da alheri.

Na zauna na wasa askata a kan miƙaƙƙen dutse. Da farko ta ƙi, don ita ma da kwarmin ta saba, sai da na daɗe ina lallashinta kafin bakinta ya kwanta. Amma da ya kwanta, ban taɓa ganin kaifi irinsa ba. Na jiƙa kan Baba, na ɗora. Gashi ya riƙa zuba ba ko ƙara. Baba ya lumshe ido ya ce, “Kai, baƙo, wannan aska ta fi ta gidanmu. Wanda ya koya maka ya iya.” Zuciyata ta yi fari ta kuma yi baƙi a lokaci guda. Na gama gaba, na gama dama, na gama ƙeya, na zagayo hagu, ina cewa a raina yau duniya za ta san wa ke da gaskiya.

Sai ga jini, ɗan siriri, a bayan kunnen hagu.

Baba ya kai hannu ya taɓa wurin, ya murza yatsunsa biyu. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ya laluba ya kamo gemuna, ya bi shi har ya sami fuskata.

Ya ce, “Tunau. Shekara bakwai, ba wanda ya ce maka ka danne kunnen?”

Na ce, “Ba wanda na tambaya, Baba.”

Ya ce, “Hakama, kawo auduga. Ki haɗo da zabira.” Da hannunsa ya rataya mini ita, ya ce ba don na iya ba, don dai ya gaji da jira. Sannan ya karɓi dutsen ya ɗora a cinya, yatsansa na ta komawa tsakiya. Ya ce, “Ka share babana, ka share ni. To zauna ka fara naka, shekara arba'in ake yi.”

Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma har ya koma ga Allah, in na miƙa masa dutsen, can yatsan yake fara zuwa. Ga dutsen nan a gabanku, wanda ya so ya taɓa. Shekara ashirin da shida ke nan ina jan aska a kansa, in kun lura da kyau za ku ji ya fara ɗan faɗawa a tsakiya, kuma duk wanda ya zo mini da maganar gyara shi, da tsintsiya zan raka shi. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah shi ne masanin sauran.

Kai kuma, malam, sa yatsa ka danne kunnenka na hagu da kanka, mun iso wurin.